Zanen Aro: Tarihin Kogalymavia da Hutun Talakan Rasha

Gabatarwa

Da sassafen ranar Asabar, 31 ga Oktoba 2015, wajen ƙarfe shida saura minti goma agogon Masar, wani jirgin sama ƙirar Airbus A321 ya tashi daga filin jirgin Sharm el-Sheikh da ke gaɓar Bahar Maliya, ya nufi birnin St. Petersburg na ƙasar Rasha. Mutum 224 ne a cikinsa, fasinjoji 217 da ma'aikata 7. Masu komawa gida ne daga hutu, cikinsu har da yara 25. Bayan minti 23 da tashi, jirgin ya ɓace daga na'urar hango jirage a sararin samaniyar Sina'i. Babu ko mutum ɗaya da ya tsira.

Sunan da ke rubuce a jikin jirgin shi ne Metrojet, amma a takardun hukuma sunan kamfanin Kogalymavia, wato kamfanin jiragen garin Kogalym, wani ƙaramin garin haƙar mai da ke can yammacin Siberiya. Jirgin kansa a Jamus aka harhaɗa shi a 1997. Hayarsa kamfanin ya yi, kuma rajistar ƙasar Ayalan yake ɗauke da ita. Fasinjojin ba daga kamfanin jirgin suka sayi kujerunsu ba, daga wani kamfanin shirya tafiye-tafiyen hutu suka saya. Binciken kayansu kuwa a hannun jami'an Masar yake.

Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: ta yaya kamfanin da aka kafa domin jigilar ma'aikatan rijiyoyin mai ya wayi gari yana ɗauko masu wankan teku daga Sina'i, kuma me ya sa ya mutu makonni biyar kacal bayan harin da ba shi ya kai ba? Amsar tana cikin karin maganar nan ta cewa zanen aro ba ya rufe katara. Hutun da talakan Rasha ya samu bayan rushewar Tarayyar Sobiyet ya rataya ne a kan jirgin shata, shi kuwa jirgin shata ya rataya a kan abubuwan da ba nasa ba.

Kafin a Buɗe Ƙofa

A zamanin Tarayyar Sobiyet hutu haƙƙi ne da tsarin mulki ya tanadar wa ma'aikaci, sai dai gwamnati ce ke zaɓa masa inda zai yi shi. Ƙungiyar ƙwadago ta wurin aikinsa ita ke raba takardar zuwa gidajen shaƙatawa, wadda ake kira putyovka. Ƙungiyar ta biya kaso mafi tsoka na kuɗin, ma'aikaci ya cika ragowar. Mai sa'a ya samu Sochi ko Yalta a gaɓar Bahar Aswad, ya yi makonni uku ko fiye yana shan iska. Takardun ba sa isa kowa, saboda haka da yawa sukan kama ɗaki a gidajen mutanen gari, wasu kuma su haƙura da gonakinsu na bayan gari.

Fita ƙasar waje kuwa wani babban al'amari ne. Mai son tafiya sai ya nemi takardar shaidar kyakkyawan hali daga wurin aikinsa, ya gurfana gaban kwamitin jam'iyya a yi masa tambayoyi, kana ya jira izinin fita daga hukuma. Ko ya tsallake duk wannan, yawanci ƙasashe 'yan uwa irin su Bulgeriya ake fara barinsa ya je, cikin ayari, tare da jagoran da ke lura da kowa. Kamfanin jirgin sama ɗaya ne tilo a faɗin ƙasar, wato Aeroflot, wanda tun tsakiyar shekarun 1970 yake ɗaukar fasinjoji sama da miliyan 100 a shekara. Shi ke jigilar mutane, shi ke feshin gonaki, shi ke kai likita ƙauyukan da ƙanƙara ta datse.

Ranar 20 ga Mayu 1991 majalisar Sobiyet ta zartar da dokar da ta ba ɗan ƙasa 'yancin fita da dawowa. Dokar ba ta fara aiki ba sai 1 ga Janairu 1993, lokacin da ƙasar da ta yi ta ma ta riga ta rushe. A wannan shekara ta 1993 aka kafa Kogalymavia.

Garin Mai

Kogalym gari ne da mai ya haifa. A tsakiyar shekarun 1970 aka fara kafa shi cikin dausayi da dajin yankin Khanty-Mansi, ya samu matsayin gari a 1985. Harafin K da ke cikin sunan babban kamfanin man nan Lukoil daga sunansa aka ɗauko, kamar yadda L da U suka fito daga garuruwan Langepas da Uray. Hunturu a can yana cin fiye da rabin shekara, sanyi yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, rana kuma ta leƙo na 'yan sa'o'i ta koma. A irin wannan wuri jirgin sama ba kayan alatu ba ne. Shi ne hanyar zuwa aiki da hanyar komawa gida.

Da Tarayyar ta rushe a Disamba 1991, Aeroflot ma ya wargaje. Kusan kowane filin jirgi da kowane reshe ya riƙe jiragen da ya tarar a harabarsa, ya sa wa kansa suna, ya zama kamfani. Ɗaruruwan ƙananan kamfanoni suka ɓullo ta haka, wasu kuma garuruwa da masana'antu suka kafa nasu. Kogalymavia, wanda aka fi sani da Kolavia a lokacin, yana cikin waɗannan. Da jiragen Tupolev na Sobiyet ya fara, Tu-134 da Tu-154, yana haɗa Kogalym da Surgut da birnin Mosko. Fasinjojinsa ma'aikatan mai ne da iyalansu, mutanen da dokar Rasha ta ƙara wa kwanakin hutu saboda tsananin yanayin arewa, kuma aljihunsu ya fi na sauran jama'a nauyi.

Sai dai waɗanda suka fara cika jiragen shata zuwa ƙasashen waje ba masu hutu ba ne, fatake ne. Tattalin arziki ya durƙushe, albashi ya zama ba ya sayen komai. Malaman makaranta da injiniyoyi da ma'aikatan jinya, mata da yawa a cikinsu, suka ɗauki manyan jakunkuna suka nufi unguwar Laleli a Santambul, da kasuwannin Sin da Foland da Dubai, suna saro tufafi da takalma su sayar a gida. Rashawa suka sa musu suna chelnoki, wato ƙoshiyar masaƙa, saboda kai da komowarsu. Su suka koya wa 'yan kasuwar Turkiyya harshen Rasha da ɗabi'un Rashawa. Su kuma suka nuna wa ƙananan kamfanonin jirage cewa akwai riba a ɗaukar jirgi sukutum a kai mutane waje a dawo da su.

Yadda Aka Sayar da Rana

Kowa ya san shatar mota: maimakon direba ya jira fasinja ɗaya bayan ɗaya, sai mutum guda ya biya kuɗin motar baki ɗaya, cikata ya zama matsalarsa. Haka jirgin shata yake. Kamfanin shirya tafiye-tafiye ya kama kujerun jirgi na tsawon kaka guda, ya kama ɗaruruwan ɗakunan otal a kan farashin sari, ya haɗa su da motar da za ta ɗauki baƙo daga filin jirgi, ya sayar wa iyali duka a kuɗi ɗaya. Otal-otal na Turkiyya da Masar suka ƙara da tsarin da ci da sha duk suna cikin wannan kuɗi. Magidancin da bai iya kowane harshe ba sai nasa, bai kuma taɓa fita ƙasarsa ba, ya san abin da zai kashe tun kafin ya bar gida. Wannan ya cire masa tsoro.

Tsakanin 1994 da 1996 aka kafa manyan kamfanonin da suka mamaye wannan kasuwa: Tez Tour, Pegas Touristik, Coral Travel da Anex Tour, mafi yawansu da jari ko tushe a Turkiyya. Rikicin kuɗi na Agusta 1998, lokacin da gwamnatin Rasha ta kasa biyan bashinta rubul kuma ya faɗi, ya dakatar da ci gaban na ɗan lokaci. Daga nan farashin mai ya fara hawa. Gangar da ake sayarwa wajen dala 12 a 1998 ta kai dala 147 a Yuli 2008. Albashi ya ƙaru shekara bayan shekara, har direban bas da mai sayar da magani suka fara iya tara kuɗin mako guda a bakin teku.

Dalilan da suka sa Turkiyya da Masar suka yi zarra a fili suke. A wancan lokaci tafiyar ba ta wuce sa'o'i uku zuwa biyar daga Mosko. Biza a filin jirgi ake samu, daga Afrilu 2011 ma Turkiyya ta ɗauke ta gaba ɗaya. Ƙasashen biyu kuma sun raba shekara tsakaninsu: Antalya a lokacin zafi, Hurghada da Sharm el-Sheikh a lokacin hunturu, sa'ad da Rasha ke cikin duhu da dusar ƙanƙara. Jirgin da ya yi jigilar Turkiyya daga Mayu zuwa Oktoba sai ya juya Masar daga Oktoba zuwa Afrilu, ba ya zaman banza. A 2014 Rashawa kusan miliyan 4.5 suka shiga Turkiyya, kimanin miliyan 3 kuma suka shiga Masar, inda suka fi baƙin kowace ƙasa yawa.

Arahar nan tana da farashinta. Don kujera ta yi sauƙi, sai an cusa kujeru da yawa a jirgi, kimanin 220 a cikin A321, duk aji ɗaya. Sai jirgi ya yi ta shawagi dare da rana, ba tare da wani na ko-ta-kwana a ajiye ba, ta yadda in ɗaya ya lalace jinkirin zai bi sauran tafiye-tafiye har kwana guda ko biyu. Ribar kowace kujera 'yar kaɗan ce. Mafi hatsari shi ne, da rubul fasinja yake biya, alhali da dala ake biyan hayar jirgi da kayan gyara da kuɗin otal. Muddin rubul na tsaye, kowa na dariya.

Daga Tupolev zuwa Airbus

Jiragen Sobiyet suna da ƙarfi da juriya, amma suna shan mai kamar ba gobe, ga ƙara. Daga Afrilu 2002 Tarayyar Turai ta hana jirage masu yawan ƙara sauka a filayenta, dokar da ta shafi da yawa daga cikinsu. Turkiyya da Masar ba sa cikin Tarayyar, don haka tsofaffin Tu-154 da manyan Il-86 masu kujeru 350 suka koma can suna ƙarasa rayuwarsu. Tsadar mai ita ta ƙarasa kashe su.

Kolavia ya ga iyakar tsohon jirgi da idonsa. Ranar 1 ga Janairu 2011 wani Tu-154 nasa da ke shirin tashi daga Surgut zuwa Mosko ya kama da wuta tun yana ƙasa. Mutum 3 suka rasu, fiye da 40 suka ji rauni, jirgin ya ƙone ƙurmus. Bincike ya gano cewa daga wayoyin lantarkin jirgin wutar ta tashi. Bayan wannan kamfanin ya sauya alƙibla. Ya bar jigilar yau da kullum da aka kafa shi dominta, ya ajiye Tupolev, ya koma ga jiragen Airbus da aikin shata zalla. A 2012 ya ɗauki sunan Metrojet, ya kuma shiga yarjejeniya da reshen Rasha na kamfanin TUI na Jamus, har aka yi wa jiragensa fentin TUI. Yarjejeniyar ta ƙare a 2014. Daga nan ya dogara da wani kamfanin tafiye-tafiye mai suna Brisco.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Manyan masu shirya hutu kowanne ya nemi kamfanin jirgin da zai jingina da shi: Nordwind ga Pegas a 2008, I Fly ga Tez Tour a 2009, Royal Flight ga Coral Travel, Azur Air kuma ga Anex a 2014. Shi ma Azur Air daga wani ƙaramin kamfanin Siberiya mai suna Katekavia ya samo asali. Kusan babu wanda ya sayi jirgi da kuɗinsa. Haya suke yi daga kamfanonin ƙetare, waɗanda da yawansu ke da mazauni a Ayalan. Masu jiragen ba su yarda da kotunan Rasha da hukumominta ba, saboda haka suka shar'anta a yi wa jiragen rajista a Bamuda ko Ayalan, domin darajarsu ta tsaya kuma karɓe su ya yi sauƙi in an kasa biya. Abin da Metrojet ya mallaka a haƙiƙa shi ne lasisin aiki da ma'aikata da suna. Garin Kogalym kansa a takarda kawai ya rage.

Shekarar da Rubul Ya Karye

A Maris 2014 Rasha ta haɗe yankin Kirimiya da ƙasarta, ƙasashen yamma suka ƙaƙaba mata takunkumi. A rabin shekarar na biyu farashin mai ya rikito daga sama da dala 100 zuwa ƙasa da dala 50 a Janairu 2015. Dalar da ake saya da rubul 33 a farkon 2014 ta wuce rubul 60 a Disamba. Ga kamfanin da ke karɓar rubul ya biya dala, wannan daidai yake da a ninka masa kuɗin haya dare ɗaya.

Masu shirya tafiye-tafiye su suka fara zubewa. A bazarar 2014 kamfanoni irin su Neva da Labirint suka rufe ba zato, suka bar dubban mutane a otal-otal na ƙetare babu tikitin dawowa. Daga baya abin ya kai ga manya. Transaero, kamfanin jirgi na biyu mafi girma a Rasha, wanda shi ma da shata ya fara a 1991, bashi ya yi masa katutu, aka soke lasisinsa daga 26 ga Oktoba 2015. Kwana biyar ke nan kafin abin da ya faru a Sina'i.

A cikin wannan ƙunci Masar ta ƙara daraja a idon Rashawa, domin ita ce mafi araha. Wanda Turai ta fi ƙarfinsa yana iya Sharm el-Sheikh. Amma akwai wani abin da ya faru da masu sayen tikiti ba su haɗa shi da hutunsu ba. Ranar 30 ga Satumba 2015 jiragen yaƙin Rasha suka fara luguden wuta a Siriya don mara wa gwamnatin Bashar al-Assad baya. A arewacin Sina'i kuwa, 'yan ɗaruruwan kilomita daga otal-otal ɗin, akwai ƙungiyar 'yan bindiga da ta riga ta yi mubaya'a ga ƙungiyar IS tun 2014.

Sina'i

Jirgin yana tafiya a tsayin ƙafa 31,000 lokacin da ya tarwatse a sama. Tarkacensa ya warwatsu a hamada a faɗin kimanin murabba'in kilomita 20. Mamatan 219 Rashawa ne, 4 'yan Yukren, 1 ɗan Belarus. Mafi yawansu mutanen St. Petersburg ne da lardunan da ke kewaye da shi, akwai iyalan da suka ƙare gaba ɗaya. Ƙaramar cikinsu jaririya ce 'yar wata 10. Aka ayyana 1 ga Nuwamba ranar makoki a faɗin ƙasa. Mako guda bayan haka ƙararrawar majami'ar St. Isaac ta buga sau 224. Har yau babu hatsarin jirgin Rasha da ya ci rayuka kamar wannan.

Reshen IS na Sina'i ya ɗauki alhaki tun ranar, amma Mosko da Alƙahira suka yi watsi da iƙirarin. Zargi ya fara sauka ne a kan kamfanin. Masu bincike suka buɗe shari'ar karya dokokin kiyaye lafiyar jirage, aka binciki ofisoshinsa. Jaridu suka tono cewa a 2001, lokacin da jirgin ke hannun kamfanin Middle East Airlines na Lebanon, wutsiyarsa ta taɓa bugun ƙasa wajen sauka a Alƙahira. Aka tuna gobarar Surgut. Rahotanni suka fito cewa ma'aikata na bin kamfanin bashin albashi. Jama'a sun daɗe suna kallon jiragen shata a matsayin tsofaffin kaya masu yawan jinkiri, don haka zargin ya samu wurin zama. Da shugabannin kamfanin suka ce wani abu ne daga waje ya tarwatsa jirgin, shugaban hukumar sufurin jiragen sama, Alexander Neradko, ya ce sun yi riga malam masallaci.

Ranar 4 ga Nuwamba Birtaniya ta dakatar da jiragenta zuwa Sharm el-Sheikh, tana mai cewa akwai alamun bam. Bayan kwana biyu Shugaba Vladimir Putin ya dakatar da duk jiragen fasinja na Rasha zuwa Masar. Rashawa kimanin 80,000 ne ke hutu a can a lokacin. Aka kwaso su da jakunkunan hannu kawai, manyan akwatunansu suka biyo baya a jiragen kaya. Ranar 17 ga Nuwamba aka sanar da bayanin shugaban hukumar tsaro ta FSB, Alexander Bortnikov, cewa bam ne haɗin gida mai ƙarfin da ya kai kilo ɗaya na nakiyar TNT, aka kuma sa ladar dala miliyan 50 ga wanda ya taimaka aka kama masu laifin. Masar ta ci gaba da musantawa har zuwa Fabrairu 2016, lokacin da Shugaba Abdel Fattah el-Sisi ya amince cewa harin ta'addanci ne.

Wanke kamfanin daga wannan zargi bai cece shi ba. An riga an rufe masa kasuwar hunturu. Ranar 24 ga Nuwamba kuma Turkiyya ta harbo jirgin yaƙin Rasha ƙirar Su-24 a kan iyakarta da Siriya. Bayan kwana huɗu Putin ya sa hannu a dokar da ta hana jiragen shata zuwa Turkiyya, ta kuma hana sayar da tafiye-tafiyen hutu zuwa can. Cikin makonni uku ƙasashen biyu da kasuwar ta ginu a kansu suka rufe. A farkon Disamba 2015 Metrojet ya tsayar da jiragensa, bai sake tashi ba.

Bayan Faɗuwa

Asarar ba ta tsaya a Rasha ba. Masar da ta karɓi baƙi miliyan 14.7 a 2010, miliyan 9.3 a 2015, sai ga ta da miliyan 5.4 a 2016. Otal-otal suka rufe a Sharm el-Sheikh, masu dafa abinci da direbobi da masu koyar da nutso suka koma garuruwansu hannu rabbana. Rashawan da suka shiga Turkiyya a 2016 ba su kai miliyan ɗaya ba. Da Shugaba Recep Tayyip Erdogan ya aika wa Putin wasiƙar juyayi a Yuni 2016, aka ɗage hanin sayar da hutu, aka ɗage hanin jiragen shata a ƙarshen Agusta, a 2019 adadin ya kai miliyan 7. Masar kuwa ta jira. Jiragen Alƙahira sun dawo a Afrilu 2018, na bakin teku sai Agusta 2021, kusan shekara shida bayan harin.

Wannan ya nuna wani abu game da ƙofar da aka buɗe a 1993. Gwamnati ba ta ƙwace fasfon kowa ba, ba ta dawo da izinin fita ba. Jirage da sayar da tafiye-tafiyen hutu kawai ta tsayar. Mai hali ya sayi tikitin da ya bi ta wata ƙasa ya tafi abinsa. Wanda ya shekara yana tara kuɗin mako guda ya zauna gida, ko ya koma Sochi da Kirimiya inda iyayensa suka yi nasu hutun.

Raunin tsarin bai gushe ba. A Satumba 2017 kamfanin VIM-Avia ya kasa biyan bashin mai, filayen jirage suka riƙe jiragensa, dubban masu hutu suka maƙale a Antalya da wasu wurare, har Putin ya tsawata wa ministan sufuri Maxim Sokolov a bainar jama'a. Babbar jarrabawa ta zo bayan Rasha ta mamaye Yukren ranar 24 ga Fabrairu 2022. Tarayyar Turai ta rufe sararinta, ta kuma ba masu jiragen haya wa'adin 28 ga Maris su soke yarjejeniyoyinsu. Bamuda ta dakatar da takardun shaidar lafiyar jiragen Rasha da ke rajistarta. Mosko ta mayar da martani da dokar da ta ba da damar sauya wa jiragen rajista zuwa ta Rasha, jirage kimanin 400 suka zauna ba tare da yardar masu su ba. Royal Flight ya daina aiki a shekarar. Azur Air ya rayu, duk da cewa a Afrilu 2022 Amurka ta hana a sayar masa da kayan gyara. Ya ci gaba da kai masu hutu Turkiyya da Masar da Tailan a cikin tsofaffin jiragen Boeing da kamfanin da ya ƙera su ya daina tallafa wa.

Kammalawa

Kogalymavia ya yi shekara 22 a duniya. An haife shi a shekarar da Barashe ya samu 'yancin fita ƙasarsa, ya girma da kuɗin mai, ya mutu a hunturun da yaƙin Siriya ya biyo masu hutu har bakin teku. Yana da laifinsa. Gobarar Surgut a jirginsa ta tashi, albashin da ya riƙe kuma haƙƙin ma'aikatansa ne. Amma abubuwan da suka kashe shi babu ɗaya da yake da iko a kansa: darajar rubul, tsaron filin jirgin wata ƙasa, yaƙin da gwamnatinsa ta shiga, da sa hannun shugaba a takarda.

Duk da haka, kuskure ne a raina abin da irin waɗannan kamfanoni suka yi. Miliyoyin mutanen da kakanninsu ba su taɓa riƙe fasfo ba sun ga Bahar Maliya da Bahar Rum, sun yi ciniki da Balarabe da Baturke, sun dawo da labari. Aro ne ya sa abin ya yi arahar da talaka zai iya, aron kuma shi ya sa aka iya karɓe shi cikin makonni uku. Ƙasar da ke son 'yancin tafiyar talakanta ya ɗore sai ta tambayi kanta abin da ya rataya a kai, da kuma wanda zai biya in igiyar ta tsinke.

A Oktoba 2017 aka buɗe wani abin tunawa a maƙabartar Serafimovskoye ta St. Petersburg, inda aka binne da yawa daga cikin mamatan, da wani lambun tunawa a garin Vsevolozhsk da ke kusa. An rubuta sunayen mutum 224. Kowace shekara, ranar 31 ga Oktoba, iyalai sukan taru a can da furanni da kayan wasan yara.